Baba Sallau, Mai Rumbun da Ya Ƙi Karɓar Iri

Kafin a buga ƙarfen addu'ar safe a 'yar majami'armu ta hanyar Takieta, Baba Sallau ya riga ya zagaya rumbun jama'a. Yakan duba gindinsa ko gara ta hau, ya liƙe ramin ɓera da laka, ya kori awakin maƙwabta. A rumbun nan muke zuba abin da kowa ya kawo don Allah, daga ciki ake ciyar da mai wa'azi da baƙi da marasa lafiya. Tun ina goye yake wannan aiki. Ran Lahadin da ta wuce dattawa suka karɓe shi daga hannunsa, wai ya tsufa. Ba tsufa ba ne, kuma ni na san dalili, don a kaina aka yi.

Bara aka aiko mana sabon mai wa'azi, Malam Yusufu. Yana da ƙwazo, ban hana shi wannan ba. Amma da kaka ta yi, sai ya kafa mana doka daga tsohon alkawari: dami ɗaya cikin goma, wato ushiri, na rumbu ne, wanda ya riƙe ya yi wa Allah fashi, la'ana tana gidansa. Damina kuwa ta yi gardama. Mijina yana soja, ba labari. Ɗan abin da na samu a gonarmu ta Gaffati, an cire na lanho, harajin Nasara, saura muna ci da dabara. Ana haka ɗana Illa ya kwanta da zazzaɓi. Wata dattijuwa ta zo dubiya, ta ce, "Wasila, kin fid da ushirinki kuwa?" Ta ɗauki mayafinta ta tafi. Ku uwaye kun san abin da wannan tambaya take yi wa zuciya.

Ba ni da sauran dami sai irin shuka, zaɓaɓɓun zangarniyoyin da na rataye saman murhu don hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Na sauke, na ɗaure, na ɗauka.

Baba Sallau ya shafa damin, ya dubi baƙin hayaƙi a tafinsa.

"Uwar Illa, wannan ai iri ne."

"Na Allah ne, Baba."

"Tun yana rataye ma na Allah ne. In ruwa ya sauka me za ki shuka, tsakuwa?"

Na ce masa yaro ba lafiya, tsoron la'ana nake ji. Ya ce, "Yaro mai zazzaɓi likita ake kai shi, ba rumbu ba."

Sai ga Malam Yusufu ya fito. "Baba, buɗe ka zuba. Rubutacce ne."

"Malam, hannuna ba ya zuba irin mutane. Ga tsani nan, in kana so ka hau."

Bai hau ba. Baba ya aza damin a jakinsa, ya mai da shi ɗakina, ya ɗauki Illa muka nufi wurin likita a bariki. Yaro ya tashi. Irin nan shi ne geron da yake tsaye a gonata yanzu.

Ba ni kaɗai ba ce. Fatsuma, wadda mijinta ya rasu, za ta shaida yadda ya mai da mata gyaɗarta. Kada kuma wani ya ce yana hana bayarwa. Alkasum mai kanti ya taɓa kawo dami ɗaya mara nauyi, Baba ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ce, "Kai, ashe kanti ya ƙone ba mu ji ba!" Washegari Alkasum ya turo amalanke cike da dammuna.

Na yi lakwal, makarantar boko, ina karanta Littafi Mai Tsarki da kaina. Dokar Musa ta ce a huta ran Asabar, a yanka hadaya, kada a sa tufa mai zare iri biyu. Duk waɗannan an koya mana cewa Almasihu ya cika su, ya sauke mana. To me ya sa dokar da take cika rumbu ita kaɗai ta rage? Mu da aka ce kowa ya bayar da abin da zuciyarsa ta yarda, ba a kan dole ba! Maƙwabciyata Jummai, Musulma, da ta ji labarin irin nan har salati ta yi. Ta ce, "Ko mu, sai amfani ya kai nisabi ake fid da zakka." An soke aikin tilas na Nasara, ana ta batun Nijar za ta riƙe kanta, mu kuma mu kafa wa kanmu wani tilas a ɗakin Allah?

Kai ne ka tsaya, Baba, ranar da masu manyan riguna suka sunkuyar da kai. Katangar marasa ƙarfi. Ba ka ci gardamar ba, ka rasa aikinka, amma 'ya'yana ba za su yi bara ba. Na gode. Allah ya saka maka, ya ba ka tsufa mai daɗi.

Kai kuma Gambo, da aka damƙa maka rumbun, bana ma ruwa ya ɗauke da wuri ta wajen garin Dogo. Mata za su zo maka da abin da bai kamata ya bar ɗakinsu ba, tsoro cike da idonsu. Ka dubi mai damin kafin ka dubi damin. In aka tsige ka saboda haka, ka je ka zauna wurin Baba Sallau. Tabarmarsa tana da faɗi.