Mai Guga da Tagar Direba

Sunan Mai Guga ya bi ta tun tana yarinya, kuma sau biyu ta ci shi. Da fari gugan rijiya ne. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ke jan ruwan gidan kafin kowa ya buɗe ido, har igiya ta yi mata kanta a tafin hannu. Da ta yi aure suka koma birni, sai ta sami aiki a wani shagon wanki, aka damƙa mata dutsen guga a wannan hannun dai. Mijinta yakan ce an sauƙaƙa wa jama'a ne, ba sai sun koyi sabon suna ba. Ita dai ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba, amma takan bar shi ya yi dariyarsa.

Direba ake ce masa, don babbar mota ya ja har gashinsa ya yi fari. Mutum ne mai baki, wanda in ya fara labarin hanya sai abinci ya huce a gabansa. Ƙuruciyarta duk a jiransa ta ƙare, ya tafi ya yi makonni, ya dawo da warin mai da labarai, ya sake tafiya. Sai da ƙafafunsa suka ƙi, ƙirji kuma ya kama, sannan ta same shi a gida. Ta same shi a makare, amma ta samu, kuma ba ta da niyyar sake ba da aronsa.

Ɗakinsu yana ƙasan wani tsohon bene, rabinsa a cikin ƙasa. Sai an sauka matakala ake shiga. Taga ɗaya gare shi, can sama kusa da rufi, daidai da daɓen titi, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa da tayoyin mota. Da ruwan sama ya kama, bango sai ya fara gumi. Fenti ya kumbura ya ɓare, baƙar fumfuna ta hau kusurwar bayan gado, takalmin da aka ajiye a ƙasa ya yi fari-fari. Mace da ke wuni tana busar da kayan mutane tana goge su tas, ta dawo ta tarar da nata zannuwan suna warin rima. Duk wannan ta jure. Tarin Direba ne ya fi ƙarfinta.

'Yarsu ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, har uban. Wata ranar hutu ta zo da ƙaton kwali, ta fito da wani farin inji mai ƙananan tayoyi, tsayinsa bai wuce gwiwa ba sosai.

"Umma, wannan danshin ɗaki yake tsotsewa," in ji Nas. "Ya ja iska ta baya, ya tatse ruwan da ke cikinta, ya tara a wannan mazubin na ƙasa. In ya cika, jar wuta za ta kama, ya tsaya da kansa. Sai ki zare ki zubar."

Mai Guga ta zaro mazubin ta juya shi. Roba ce mai mariƙi a sama. "To ai guga ne," ta ce.

"Ga na uku ya samu!" in ji Direba daga kan gado, ya kama dariya, dariyar ta juye tari, sai da aka ba shi ruwa.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta jera dokokinta tana nuni da yatsa. Kada a manna shi da bango, a bar masa wurin shaƙar iska. Ragar bayan nan a riƙa cire ta ana wanke ƙurar, ta bushe sarai kafin a mayar. Mazubin a wanke shi da sabulu kada ya yi yauƙi. Ruwan ba na sha ba ne. Kada a shanya wanki a ɗakin. Ga lambar awon danshi a goshin injin, ana so ta sauko kusa da hamsin. "Babba a cikinsu kuma, Umma, ƙofa da taga a rufe. In taga na buɗe, aikin banza yake yi."

A bakin matakala ta rage murya. "In ƙarshen wata ya yi bangon nan bai bushe ba, tarin bai lafa ba, zan tafi da Baba gidana. Ba gardama nake nema ba, Umma. Huhunsa ba zai ƙara ɗaukar wannan ba."

Mai Guga ta san gidan. Yana can ɗaya ƙarshen gari, a saman dogon bene, ga miji ga yara, lungun da ya rage gado ɗaya kawai zai ci. Ba a ce mata ba za ta bi shi ba, amma ba a ce za ta bi ba. Ta ce, "Zai bushe."

Tun daga ranar ta ɗauki injin nan kamar jinyar mutum na biyu. Da safe ta zubar da ruwan, ta ɗauraye mazubin, ta goge masa jiki, ta ja shi nesa da bango, ta duba sakatar taga, sannan ta tafi shago. Ɗakin ba shi da magudana, don haka duk cikar mazubi sai ta hau matakala da shi ta juye a kwatar titi. Da yamma ta dawo da ƙafafu a kumbure, ta tarar da jar wuta tana jiranta, guga ya cika fal. Ta sake hawa. Da fari har daɗi take ji, tana cewa lallai injin nan ba rago ba ne. Tana yarinya ruwa take shigarwa gida, yanzu da tsufa fitarwa take yi, kuma nauyin bai sauya ba.

Sai dai kwanaki suka yi ta tafiya lamba ta ƙi sauka. Da safe ta ɗan yi ƙasa, da yamma ta koma inda take. Ta goge fumfunar da tsumma, ta sake tsirowa. Ta wanke raga har ta kusa yagewa. Ta sauya masa soket, ta sauya masa kusurwa, ta kwashe kayan ƙarƙashin gado ta kai shago ta busar. Har magana ta fara yi masa.

"Kai wane irin maƙoshi gare ka? Kullum ka sha ka cika, ɗaki yana nan jiya i yau."

"Ƙila na jabu ne," in ji Direba, idonsa a kan rufi. "Kayan yanzu ai sai a hankali."

Ta gaji. Gajiyar da barci ba ya maganinta, wadda ke zama a ƙugu da kafaɗa. A shago tururi na dukan fuskarta, tana bin wuyan rigar wani da dutse, hankalinta yana kan bangon ɗaki. A haka wata rana ta ɗora gefen dutsen a bayan hannunta. Mai shagon ya duba ƙunar ya ce ta je gida ta huta, kada ta ƙona masa kayan mutane.

Ana yayyafi ta shigo layinsu, rana ba ta ko yi tsaka ba. Tun daga nesa ta hango mai gyaran takalmin da ke zama a kwanar layin ya matso da akwatinsa gindin bangon benensu, ya kafa lema, ya tsuguna. Kusa da shi ga mai gadin shagon magani ya sunkuya, hannu a gwiwa. Dariya suke yi wa ƙasa. Sai ta ji muryar mijinta na fitowa daga ƙasan, da ƙarfinta, irin ta da.

"Wannan motar da ta wuce, fambel ɗinta ya kusa tsinkewa! Ku ji kukanta. In ta kai babban titi ku ce ban taɓa riƙe sitiyari ba."

"Direba, ko ganinta ba ka yi ba fa," in ji mai gadi.

"Taya na gani, ya ishe ni. Kai ma ai ban taɓa ganin fuskarka ba, amma na san dunduniyar takalminka ta hagu ta cinye."

Tagar a wangale take, yayyafi yana feshi ciki. Mai Guga ta tsaya cak. Masu dariyar suka ɗago suka gan ta, kowa ya kama gabansa. Daga ciki aka yi tsit. Direba ya ga takalmanta.

Ta sauka ta tura ƙofa. Yana zaune a bakin gado, sandarsa a ɗage, yana ƙoƙarin tura tagar da ƙugiyar sandar. Injin yana ta gurnani a tsakar ɗaki, iskar titi mai laima tana kwararo masa.

"Ashe haka ne," ta ce. "Ashe ruwan garin nan kaf nake kwashewa. Ni da bayana, ni da matakala, ina ta zagin inji, kai kuma kana ce mini na jabu ne."

"Ina rufewa kafin ki dawo."

"Na ga alama! Malam, ka san abin da yarinyar nan ta ce? Tafiya za ta yi da kai. Ko so kake ka tafi?"

Ya sauke sandar a hankali. "In kin fita kin ja ƙofa, ba na jin komai sai kukan abin nan. Sai in ga kamar an riga an rufe ni da ƙasa, an manta ba a gaya mini ba. Ta nan ne kawai ake ce mini ina kwana."

Tausayi ya taso mata, haushi ya danne shi. Ta taka kujera da hannunta mai ƙuna, ta rufe tagar, ta samo waya ta naɗe sakatar, ta murɗe da filaya har sai da wayar ta nutse. Sandar kuma ta jingine ta bayan ƙofa. Shi kuma ya koma ya kwanta.

Injin kuwa ashe ba na jabu ba ne. Lamba ta fara sauka kamar da wasa har ta zauna inda Nas ta ce. Bango ya daina gumi. Ta goge kusurwar bayan gado, baƙin bai dawo ba. Zannuwa suka daina wari, tarin ya ragu. Takan dawo da yamma ta zaro mazubi ta tarar da ɗan ruwa a gindinsa, wanda ko hawa matakala bai cancanta ba. Bayanta ya samu sauƙi.

Direba kuma ya yi shiru. Ba fushi yake yi ba, da fushi ne da ta san maganinsa. In ta gaishe shi ya amsa, in ta ba shi abinci ya taɓa ya ture. Ya daina tambayarta wa ya kawo wanki yau, ya daina tsokanarta da suna. Ya juya fuska bango, bangon nan da ya bushe, ya yi ta kallonsa. Wata safiya ta ga takalman mai gadi sun tsaya a bakin gilashin, sun ɗan jira, sun wuce. Shi ma ya gani, ya mayar da ido.

Ƙarshen wata Nas ta zo. Ta shafa bango da tafin hannu, ta duba lamba, ta sa abin awonta a ƙirjin uban ta saurara. Fuskarta ta washe.

"Umma, sannu da ƙoƙari. Ƙirjin ya yi sauƙi sosai. Baba ya zauna abinsa, zan riƙa leƙowa." Ta juya gare shi. "Baba, ba ka ce komai ba."

"An gode," in ji shi.

"Barci yake ji," in ji Mai Guga da sauri.

Ta raka 'yar har titi, ta dawo ta zauna a kan kujera. Ta yi nasara, an bar mata mijinta. Ta dube shi a kwance, ƙirji na hawa da sauka ba ƙara, ta rasa wanda aka bar mata. Wannan ba shi ne mutumin da ta yi ta jira a bakin ƙofa shekara da shekaru ba. Abin ya yi mata ciwo fiye da ƙunar hannunta.

Washegari ta shirya za ta shago. Ta wanke raga, ta ɗauraye mazubi, ta ja injin nesa da bango. Har ta kama ƙofa, sai ta dawo ta ɗauki filaya ta taka kujera. Wayar ta yi gardama, da ƙyar ta warware. Ta ɗauko sandar ta ajiye a gefen gadon, inda hannunsa zai kai.

"In ana ruwa ka rufe," ta ce. "In an ɗauke, ka san abin da za ka yi."

Ya juyo ya dube ta. "Nas fa? Bango ba ya rufa asiri."

"Na sani. In ta zo ni zan yi mata bayani, in za ta ji."

"Gugan fa? Zai koma cika."

"Yau na fara ɗauka?"

Da yamma ta shigo layin tana jan ƙafa. Mai gyaran takalmi yana naɗe lemarsa a gindin bangon, ya sunkuya yana cewa, "To Direba, sai gobe." Daga ƙasa aka amsa masa da wata magana da ta sa shi tafiya yana dariya, tari kuma ya biyo bayan maganar. Ta tsaya ta saurari tarin har ya lafa, sannan ta sauka.

Jar wuta tana kunne. Ta ajiye jaka, ta zaro mazubin, ya cika har baki.

"Sannu da zuwa, Mai Guga," in ji shi.

Ta kama mariƙin da hannu biyu, ta nufi matakala.