Miƙe Bayanki, Takwara

Akwai wani shago kusa da Fordham Road, a nan birnin New York, inda nake sayen kuka da daddawa. Mai shagon, wani Alhaji mutumin Maraɗi, ya saba da ni, don haka ba ya cewa komai idan ya ga na buɗe ledar daddawa na tsaya ina shinshinawa kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Sau ɗaya dai ya taɓa cewa, "Hajiya, in ƙamshin kaɗai kike so, shi ba ma sayarwa." Na yi dariya. Bai san cewa a wannan ɗan lokacin ba na cikin shagonsa ba. Ina tsakar gidan kakata, a wani ƙauye kusa da Ringim, shekara arba'in da wani abu baya.

Iya Dije ita ta haifi babana, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kira na da komai sai Takwara. Sana'arta daddawa. Ranar da za ta dafa kalwa, tun hantsi take hura wuta a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya, ba ta mutuwa sai bayan isha. Da an ci tuwo sai yaran gidan da na maƙwabta mu kewaye murhun, muna tura gyaɗa cikin toka, ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunno tana gyara itace da ƙafa. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa, ƙafarta duk ƙasa." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, a ba ta ruwa."

Ina da shekara takwas babana ya sami aiki a wata masaƙa a Kano. Ya ɗauki Inna da ƙannena biyu, ni kuma aka bar ni wai in riƙa ɗebe wa Iya kewa. Ba wanda ya tambaye ni. Na bi motar da gudu har bayan makarantar firamare, ina hango hannun Inna ta taga, har ya ɓace. Daga ranar na sami wani lungu a bayan rumbu, in dunƙule, in cusa kai tsakanin gwiwoyi. Ba kuka nake ba. Wani abu ne ya tokare mini ƙirji, numfashina yana fita guntu-guntu kamar na kazar da aka kora. Iya ba ta lallashe ni ba. Sai ta ajiye mini kwanon abinci, anjima ta dawo ta ɗauke shi yadda yake. Kwana uku muna haka.

Rana ta huɗu ta kama ranar kalwa. Da dare ya yi na zo na zauna can nesa da murhu, a dunƙule. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Takwara, matso. Hayaƙi ya fi son mai sunkuye." Sannan ta kawo baƙuwar wannan dare.

Ta ce an yi wata yarinya mai suna Lami, a wani gari da rijiyarsa ta ƙafe. Mutanen garin suka yanke shawarar tashi. Ran tashin, Lami ta je tsintar magarya, barci ya ɗauke ta a gindin bishiya. Uwarta ta ɗauka tana gaba tare da ubanta, ubanta ya ɗauka tana baya tare da mata. Ko da ta dawo, gari ya zama kufai, ko kaza babu. Ta zauna a bakin ɗakinsu ta sunkuyar da kai. Nan fa wani ɗan abu baƙi, bai fi ƙwaro ba, ya fito daga ramin bango ya hau ƙeyarta ya zauna.

"Sunansa Ƙunci," in ji Iya. "Ba ya cin tuwo, ba ya shan fura. Numfashin da mutum ya haɗiye bai fitar ba, shi ne abincinsa."

Lami ta tashi ta bi sawun ayari, abin nan yana wuyanta. Kullum tana ƙara sunkuyawa, kullum yana ƙara ƙiba. Ya zama kamar ɓera, ya zama kamar kyanwa, ya kai ɗan akuya, har ba ta ganin komai a duniya sai yatsun ƙafarta. Ta gamu da boka ya ɗaura mata laya, abin ya lashe layar ya gyara zama. Ta gamu da raƙumi ta roƙe shi ya cire mata, raƙumi ya ce shi bai ma taɓa ganin irinsa ba. A ƙarshe, ƙishirwa ta kai ta wata bukka inda wata tsohuwa take daka gero. Lami ta buɗe baki za ta ba da labarinta, tsohuwa ta ce, "Riƙe labarinki tukuna. Hannuna ya gaji, karɓi taɓaryar nan."

A nan Iya takan miƙe da kanta ta gwada mana, inuwarta tana rawa a jikin danga. Wanda yake sunkuye ba ya iya ɗaga taɓarya. Dole Lami ta miƙe baya, ta buɗe ƙirji, ta ja iska. Da ta sauke taɓarya sai numfashi ya fita da ƙarfi, "Hah!" Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa. Bayan da ke hawa yana sauka ba ya zaunuwa, ga kuma abinci ya yanke. Ƙunci ya yi ta zamewa yana ramewa, kafin gero ya yi gari ya faɗo ƙasa, ya koma ɗan ƙwaronsa.

"Ta take shi?" in ji wani yaro.

"Ba ya takuwa," in ji Iya. "Bin ta ya ci gaba da yi a baya, yana jiran ranar da za ta sake sunkuyawa. To, baƙuwa ta sha ruwa, ta kama hanya."

Ban san lokacin da magana ta kuɓuce mini ba, ni da na kwana uku ban ce uffan ba. "Iya, ta ga iyayenta?"

Sai a lokacin ta dube ni. "Ni ban bi ta har can ba, Takwara. Inda na rabu da ita dai, tana tafiya da ƙafafunta, tana ganin hanya."

Haushi ya kama ni. A ganina wannan ba tatsuniya ba ce, rowa ce. Me zai rage ta da shi in ta ce Lami ta iske uwarta a gari na gaba?

Da gari ya waye ta tashe ni ta miƙo mini wata 'yar taɓarya, ga kalwa a turmi tana jiran surfe. "Miƙe bayanki. Ɗaga har sama. In za ki sauke, ki sake numfashin tare da ita, kada ki ɓoye shi, ba dukiya ba ce." Na yi ta daka cikin fushi, kamar motar nan ce a turmin. Can sai kuka ya zo, irin mai sauti, na yi shi ina daka. Da na gaji na ajiye, sai na ji yunwa. Na cinye ɗumamen tuwo har da na Iya.

Shekara biyu na yi a wurinta kafin a zo a tafi da ni Kano. Ta rasu ina sakandare. Daga baya aure ya kawo ni New York, aka haifi ɗana Bashir, mijina ya yi jinya ya rasu, Bashir ya girma aiki ya kai shi wata jiha mai nisa. Yakan kira ranar Lahadi, ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci. Ni kuwa ina ɗaki guda a unguwar Bronx, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu.

Kaɗaicin garin nan daban ne. A ƙauye in ka ji kewa, don ba mutane ne. A nan mutum ya yi yawa har kafaɗa na gugar kafaɗa a jirgin ƙasa, amma za ka iya yin mako ba wanda ya kira sunanka daidai. Wata rana na hango wata mata a gilashin tagar bas, kafaɗu sun lanƙwaso, haɓa a ƙirji. Har na ji tausayinta kafin in gane ni ce. Na sayi ƙaramin turmi na gwada daka a ɗakina, maƙwabcina na ƙasa ya yi ta bugun silin da sanda. Sai na koma sauka daga bas tun saura tasha biyu in ƙarasa da ƙafa, in kuma bar lif in bi matakala.

Tsohuwar da nake kula da ita a Soundview sunanta Karmen, tana hawa na tara. Tsufa ya kwashe mata Turanci, ya bar ta da Sifaniyancin da ta tashi da shi, wanda ni ban san komai a ciki ba sai yadda ake cewa "ruwa" da "na gode". Yawancin ranaku ba ta tuna ni. Da la'asar tsoro yakan taso mata, ta yi ta neman mijinta da ya daɗe da mutuwa, numfashinta yana sarƙewa. Ba ni da kalmar da zan ba ta. Sai in ɗaga ta zaune, in sa tafin hannuna tsakanin kafaɗunta, in ja numfashi da ƙarfi yadda za ta ji, in sake shi a hankali, har nata ya bi nawa. Sannan in kama ta mu taka daga ƙofa zuwa taga, mu dawo.

Bara, wata Talata, na tashi sallar asuba na tarar da kira rututu a wayata da saƙon murya daga ƙanena Sani. "Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika da asuba. Mun yi ta kiranki. Har mun kai ta." Ina barci aka yi mata wanka, ina barci aka binne ta. Shekara shida rabona da ita.

Na kira ofishin aikinmu, suka ce ba mai karɓata sai gobe. 'Yar Karmen kuma ƙarfe bakwai take fita aiki, kuma ba a barin tsohuwar ita kaɗai. Na kira Bashir, bai ɗauka ba. Na sa hijabi na fita. A can Kano na san an shimfiɗa tabarmi, gida ya cika, kowa na cewa ya haƙuri. Ni kuwa ina bas, kusa da wani mutum mai cin burodi.

Na bi matakala kamar kullum, amma ranar ba ta yi mini komai ba. Na yi wa Karmen wanka, na ba ta magani, na zaunar da ita gaban talabijin. Na shiga kicin zan ɗora ruwa, amma ban ɗora ba. Na sulale ƙasa jikin firji, na cusa kai tsakanin gwiwoyi. Na san duk abin da ya kamata in yi, amma ko yatsa na kasa ɗagawa.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ƙarar ƙarfen da Karmen take dogarawa yana jan ƙasa, kaɗan-kaɗan, har ya tsaya a kaina. Ta jawo kujera da ƙyar ta zauna. Na ji hannunta, mara nauyi kamar busasshen ganye, tsakanin kafaɗuna. Sannan ta ja numfashi da ƙarfi, da gangan, ta sake shi a hankali. Ta sake. Ta yi wata magana a harshenta, da muryar faɗa, tana jan hijabina sama. Na ɗago. Na ja iska, ta shiga da zafi, ta fito da kuka. Da ya lafa ta nuna mini taga da haɓa. Muka taka, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, ban san wa ke riƙe da wa ba.

Ranar Asabar matan masallacinmu na Harlem suka zo mini ta'aziyya, Bashir ma ya iso ya kwana biyu. Suka tafi, ɗakin ya koma yadda yake.

Na daɗe ina riƙe da Iya a zuciya kan ƙarshen tatsuniyar nan. Yanzu na gane ƙin yi mini ƙarya ta yi. Ba ta da ikon dawo da motar nan, ba ta kuma san ko wanda aka bari a baya yana iske nasa ba. Abin da ta sani shi ta ba ni. Zuciya ba ta da hannun da za a kama a ja ta, amma baya yana miƙuwa, numfashi yana jawuwa, ƙafa tana takuwa, kuma sau da yawa zuciyar takan biyo su daga baya, tana ɗingishi. Abin da ban sani ba sai ranar Talatar nan shi ne, akwai ranar da mutum ba ya iya yi wa kansa, sai wani ya fara ja masa numfashin.

Ranar Litinin da na koma aiki, Karmen tana kwance tana kallon silin. Ta juyo ta dube ni kamar yadda ake duban baƙo, ta tambaye ni da hannu ko ni wace ce. Na ajiye jakata, na dafa ƙirjina na ce, "Dije." Sannan na sa hannu a bayanta na ɗaga ta zaune.