Shokozobar da Aka Yi wa Ƙazafi

Duk faɗin Setapak, unguwarmu a Kuala Lumpur, babu ɗan Arewa da ya san ciwon babur kamata. Daga hawa na tara nakan ji ƙarar inji a titi in gaya maka wace noti ce ta kwance, da ranar da ta fara kwancewa. Ɗalibai kan zo sayen kilishi da yaji a wurina, su tafi da shawarar gyara kyauta, ko da ba su da babur.

Bara na tafi Kano ganin gida da niyyar wata guda, na yi huɗu. Kafin in tafi na cire wa babur ɗina batir, na lulluɓe shi da tamfol a ƙasan benenmu, wurin ajiye ababen hawa. Ranar da na dawo, ko jaka ban kwance ba na sauka wurinsa. Na mayar da batir, bugu biyu ya tashi. Na hau. Sai na ji bayansa ya tafi ƙasa, ya tafi, ya ƙara tafiya, kamar raƙumi zai durƙusa. A tudun farko na bakin ƙofa tayar baya ta gogi murfin da ke samanta, ƙurrr, har maigadi ya leƙo.

Matata ba ta ƙaunar babur ɗin nan tun ranar da na zame da shi cikin ruwan sama a Danau Kota.

"Maigida, ba za ka hau abin da ke jan baya a ƙasa ka bar ni da zullumi ba," in ji ta. "Maigadi ya taya shi sau uku. In Asabar ta yi bai miƙe ba, ni zan kai masa makulli da hannuna."

Ranar Talata ce. Shekara shida muna tare da babur ɗin, shi ke kai ni ƙofar kowane ɗalibi. In babu shi, sai in riƙa shiga jirgin ƙasa na LRT da jakar daddawa, mutane na matsawa kamar na ɗauko gawa.

Daga wannan rana zama ya gagare ni. In na hau sama shan ruwa, kafin in ajiye kofi na tuna wani abu na sake sauka. Sai da lif ɗin gidan ya gaji da ni. Na fara da taya, na ƙara mata iska har ta yi tauri kamar dutse, bai hana gogar ba. Na kwanta a siminti na leƙa shokozoba, ko mai ya tsiyaye a watannin nan. A bushe take ƙamas. Na bi sifirin da yatsa zagaye zagaye ina neman tsaga, sai ɗan tsatsa na samu da gidan gizo-gizo. Na ɗauko tef ɗin awon matata, na auna daga ƙasa zuwa kujera, daidai yake da na wani makwabci mai irinsa. Na hau, ya durƙusa. Na sauka, ya miƙe. Sai da na yi haka sau ashirin. Na yanke hukunci cewa danshin garin nan ne ya shiga jikin ƙarfe ya sa shi lalaci. Ai danshin Kuala Lumpur ba ƙarfe kaɗai yake ɓatawa ba, wandunan da na bari a sif ma duk ya tsuke su.

Laraba na tura shi kedai, wato shago, na wani dattijon bakanike Bamale, ɗan ƙasar, da ke bayan layinmu. Ya danna kujera da tafin hannu, ta dawo. Ya ɗauko wata sufana mai ƙugiya ya murɗa zoben da ke ƙasan sifirin zuwa matakin ƙarshe. Ya ce in hau. Na hau, muka tafi ƙasa tare. Ya daɗe yana kallon wajen kujera, ya sosa ƙeya.

"Banyak makan lah, abang," ya ce.

Malayancina na kasuwa ne, amma wannan kam na gane. Abang yaya ke nan, banyak da yawa, makan kuwa ci. A Kano in bakanike ya ce maka abu ya ci, ai ka san ya sude, sai sabo. Na ce masa boleh, wato to, na gode, ashe abin da nake zargi ne. Na ga kamar yana son ƙara magana, amma ina da sauri.

Alhamis na tafi unguwar Cheras, jirgin MRT sannan bas, na bi shagunan kayan babur ɗaya bayan ɗaya har ruwan la'asar ya tsare ni awa guda a rumfar wani mamak mai shayi. Tunda an tsare ni, na ci gurasar roti biyu da shayi mai madara, don kada zaman ya tafi a banza. Na dawo da sabuwar shokozoba a kwali, na rungume ta kamar jaririya. Juma'a bayan masallaci na ɗaura ta da kaina. Na fasa ɗan yatsa, noti ɗaya ta gudu ƙarƙashin motar wani, na bi ta da rarrafe. Na gama, na goge hannu, na yi bisimilla na hau.

Ƙurrr.

Asabar da hantsi matata ta sa mayafi, makulli a hannunta. Na roƙe ta mu fara biyawa wurin dattijon ya shaida cewa jabu aka sayar mini. Ta yarda, ita da ke zuwa kasuwa da matan makwabta, Malayancinta ya ninka nawa sau goma. Ina tura babur tana bina a baya.

Dattijon ya ga sabuwar shokozoba, ya dube ni, ya dubi tsohuwar da na riƙo a leda. Ya hau babur ya zagaya layi, ya bi ta kan tudu biyu. Ko ƙis ba a ji ba. Ya sauka ya yi wa matata magana mai ɗan tsawo, yana zana da'ira da hannu biyu a gaban cikinsa. Ta ja bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Hajiya, me ya ce? Jabu ce ko?"

"Ya ce tun Laraba ya gaya maka."

"Ya gaya mini. Ya ce ta ci da yawa."

Ta miƙo mini makullin, ta sa shi a tafin hannuna ta rufe.

"Riƙe abinka, Maigida, babur ba shi da laifi, ba za a sayar ba. Ba shokozoba ce ta ci ba, kai ne ka ci. Wata huɗu kana gaban tuwon Inna, ka dawo kana zargin danshi."