Manasseh da Notin Fijon Gwiwa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Fijo tsakanin Kazaure da Roni ya san Baba Manasseh. Yana saurayi ya zo garin daga Zonkwa da sifana uku a cikin buhu, ya kafa gareji a gindin wata darbejiya. A nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa Sophia. Mutum ne mai taurin kai, Allah ya sani, ga gardama kamar me. Amma shekara arba'in da biyar ba a taɓa jin ya karya noti ba, bai kuma taɓa sa wa noti wuta ba. Cewa yake ƙarfe na magana a tafin hannu, mai gaggawa ne ba ya ji.

To, bara hawan jini ya taɓa masa ɓarin dama. Ya tashi, yana tafiya, sai dai hannun ya koma kamar na aro. 'Yarsa Martina, ma'aikaciyar jinya a Kafanchan, ta zo da babbar jaka babu komai a ciki, ta ce ya tattara su tafi. Ya ce ina, wa zai riƙa share kabarin uwarta? Suka yi ta ja, har da bakinsa ya yanka wa kansa sharaɗi: ga Fijo nan a gareji, in ya kwance ta da hannunsa ya zauna, in ya kasa ya bi ta. Hutun Martina kuwa ranar Asabar zai ƙare.

Motar ta Malam Muhammadu Lawal ce, wani malamin makaranta a Gwiwa, gadon mahaifinsa da yake son ya ga ta sake hawa titi. Shekara goma sha tara tana tsaye a tsakar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta, kuma wanda ya san fitsarin akuya ya san abin da yake yi wa ƙarfe. Komai ya kwantu ban da dogon noti guda mai riƙe da shokazoba ta baya, wanda tsatsa ta haɗe da mazauninsa. An yi cigiyar irinsa har Kano ba a dace ba. In ya karye a ciki, aiki ya ɓaci.

Kwana huɗu Manasseh yana ɗiga masa man birki da kananzir safe da yamma, yana ɗan ƙwanƙwasa kan da guduma. Malam ya ce ko za a kira mai walda ya gasa shi, tsohon ya yi masa wani kallo, bai sake ɗaga maganar ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Martina da Malam na tsaye, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Ya kafa sifana, ya zura mata bututun ƙarfe don ta yi tsawo, ya ja. Hannun ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. A na uku bayan hannun ya daki ƙarfe. Sai da ya ga jini na bin gwiwar hannunsa sannan ya san ya ji ciwo, don ko kaɗan bai ji zafi ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a gadon asibiti.

Ya zaci Martina za ta ce ai ga shi nan. Sai kawai ta ɗaure masa hannun da gefen ɗankwalinta, ta durƙusa ta kama bututun. Ya buɗe baki zai hana ta, ya fasa. Ya ɗora tafin hagu a kan sifanar.

"Ja a hankali," in ji shi. "In na ce tsaya, ki tsaya, ko da kin ji yana tafiya."

Ta ja. Shiru. Ta ƙara ƙarfi, bututun ya fara bin ta da laushi, har Malam ya soma hamdala.

"Tsaya!"

Wannan laushin ya san shi sarai: ba kwancewa ba ne, notin ne ke murɗewa zai tsinke. Ya sa ta mayar baya kamar mai ɗaurewa, ya ɗiga mai, suka jira. Gaba kaɗan, baya kaɗan, haka suka yi ta yi, gumi na shiga masa ido. Can sai ƙas! Ƙarar karyewa da ta sakewa kuwa kusan ɗaya ce. Ya lalubi kan notin da yatsun hagu, ya juya. Yana juyawa da nauyi, jan garin tsatsa na zubo masa a fuska. Ya zaro shi ɗungurungum, ko haƙori ɗaya bai ci ba.

Martina ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana share hawaye. Ta ce ya ci, gobe ita kaɗai za ta hau mota.

Manasseh ya fito, ya goge notin tsaf ya miƙa wa Malam. Ya daɗe yana kallon hannun damansa. Yana son Kazaure kamar ransa, kuma da ya yi shiru ba mai cewa komai.

"Da hannuna na ce, Martina. Naki ne ya ja."

Ya naɗe sifanar a tsumma ya ba ta ta sa a jaka. Sannan ya ce ta ɗauko masa tsintsiya, su biya wajen uwarta kafin rana ta faɗi.