Malam Daniel da Bangon Aji Huɗu

Ranar Talata, 14 ga Satumba, 1999, Celina ta aiko mini daga Narayi cewa mijinta, Malam Daniel Didam, ya rasu. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da fiziks a makarantar da na shugabanta.

Daniel, ban taɓa ganin mai koyar da lissafin aiki, wato ƙarfi sau nisa, kamarka ba. Kakan sa 'yan aji huɗu su tura bango har su yi gumi, sannan ka tambaye su mita nawa ya matsa. In sun ce ko ɗaya, sai ka rubuta sifiri. Daga nan ka ɗaura wa buhun yashi igiya, a ja shi mita goma da ƙarfin niyutan hamsin, su da kansu su ninka su sami aikin da ya kai ma'aunin jul ɗari biyar. Ban san ɗalibin da ya manta wannan darasi ba.

A 1996 wani mai duba makarantu ya leƙa ta taga, ya ga yara manne da bango. Bai shiga ba, bai tambaya ba. Ya rubuta cewa kana azabtar da ɗalibai, aka kore ka. Da aka kawo mini takardar korar na ƙi sa hannu, ni ma aka yi mini ritaya. Ban yi nadama ba.

Ba kujerarka ta dame ka ba. Kalmar "azabtarwa" kake so a goge daga fayil ɗinka kafin 'ya'yanka su karanta ta. Da soja suka sauka daga mulki a watan Mayun bana, ka zo gidana a Unguwar Boro ka ce, "Mama, yanzu akwai mai saurare." Ban sa rai ba, domin na girme ka, na san halinsu. Wata uku kana zirga-zirga a ofisoshi, fayil yana nan inda ka same shi.

Jiya wasiƙar ma'aikatar ilimi ta iso gidanka. Kwamitin da zai duba ƙorafinka na so ka bayyana da kanka ranar Litinin. Ni zan je, da buhun yashi da igiya. Ba zan tashi ba sai an goge kalmar nan a gabana.

Ubangiji ya ba ka hutu na har abada. Celina 'yata, Allah ya ta'azantar da ke da yara. Kada ki je roƙon kowa, ki bar mini wannan.

Esther Kazah
Unguwar Boro