Jabir Mai Dankali Ya Tafi Majalisa

Shekara goma sha huɗu rumfata tana jingine da ta Jabir a kasuwar Kwararafa, saboda haka duk wanda zai ba ka labarinsa, a bayana yake.

Ɗan Barikin Ladi ne. Ubansa leburan kuza ne, shi kuwa aji huɗu ya yi a firamare ya watsar, ya kama sayar da dankalin Turawa. Ni ina da difloma. Na faɗa ne kawai don a sani.

Mu dai dillali ke kawo mana kaya har rumfa. Jabir kuwa sai ya bi akori-kura zuwa gonakin Berom, ya tsuguna a kunya, ya sha gwate a kwano ɗaya da manoma, yana gwaranci da yarensu suna dariya. In an yi musu rasuwa, ga shi can bakin coci da hularsa. Nakan ce masa, "Kai ɗan kasuwa ne ko ɗan gayya?" Murmushi kawai yake yi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Da zaɓen 2003 ya matso, bayan rikicin addinin da ya raba garinmu biyu, dattawan jam'iyya suka shiga neman wanda kowane ɓangare zai yarda da shi. Har na ɗinka babbar riga. Sai wata manomiya, Klaudiya Dung, ta cika motoci uku da mata, suka ce su Jabir suka sani. Shi ke nan, mai dankali ya tafi Majalisar Wakilai a Abuja, ya yi gida a Rayfield, unguwar masu kuɗi a nan garinmu.

Shekara biyu ina jiran ya canza. Wallahi ina buƙatar hakan, don in samu abin da zan riƙe a kansa. Ran nan na sa tsohuwar rigar kasuwa da gangan, na tafi gidansa domin maigadi ya wulaƙanta ni.

Ba a bar ni na yi minti biyu a ƙofa ba. Jabir ya fito ba ko takalmi, ya ja hannuna har falo, inda manyan baƙi ke zaune.

"Ga oga na Ibrahim," in ji shi. "Duk takardar da aka aiko mini a kasuwa, shi ke karanta mini. Ya fi ni sani nesa ba kusa ba."

Suka miƙe suna ba ni hannu.

Da na dawo Kwararafa, 'yan kasuwa suka yanyame ni. Wani tela, Fidelis, ya ce, "Yaya Honorabul? Ya gane ka kuwa?"

Na karkaɗe rigata, na ce, "Ina fa! A bakin ƙofa ya bar ni."