Dirayar Mma Sanatu

Duk wanda ya zauna a unguwar Maamobi ta Accra a shekarun tamanin da casa'in ya san Mma Sanatu mai wanki da guga. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, tafukan hannunta sun yi kanta saboda sabulu, kuma ba ta iya tafiya a hankali ko da ba inda za ta. Daga Yendi ta zo Accra a 1971, tana amarya, ta biyo mijinta Imurana direban tasi. Ta ɗan taɓa dakon kaya a kasuwar Tudu, wuyanta ya ƙi, sai wata 'yar garinsu ta kai ta gidajen Turawa na unguwar filin jirgi. Nan ta yi shekara goma sha tara tana wanke kayan mutanen da ba ta iya faɗin sunayensu daidai ba.

A gida na ƙarshe, na wani injiniya da matarsa, ta haɗu da injin busar da kaya, wanda masu aikin gidan suke kira diraya. Farin akwati ne mai ƙofa kamar tagar jirgin ruwa, da ganga a ciki. A zuba jiƙaƙƙun kaya, ganga ta yi ta juyawa, iska mai zafi ta yi ta ratsa su, kafin a gama shara sun bushe. Sanatu ta shekara huɗu tana aiki da shi, har ta san ƙararsa kamar yadda ta san tarin mijinta. Da Turawan za su koma ƙasarsu a 1990, injin ya riga ya yi wata biyu a mace, matar gidan ta ce a jefar. Sanatu ta ce a ba ta. Mai kura ya turo mata shi har tsakar gidan hayarsu.

Imurana ya zagaye akwatin sau biyu, ya leƙa ciki, ya ce, "Sanatu, rana ce ta yi miki laifi?"

"Baban Zuera, ka jira watan Yuni," in ji ta.

Washegari ta je unguwar Nima ta ɗauko Masta Ganiyu, mai gyaran dutsen guga da fanka da rediyo a bakin titi. Mutum ne mai gaskiya, don yana ganin injin ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba.

"Ni ma ban taɓa ba, Masta," ta ce, "amma na ga yadda ya mutu. Ya yi kwana uku yana kuka ƙii-ƙii, sai na ji warin roba. Daga nan in an kunna yana gurnani, ganga kuwa ba ta motsi."

Ganiyu ya gyaɗa kai. "To moto da rai. Bel ne ya tsinke."

Ya kwance bayan injin, ga bel nan kwance a ƙasa kamar mataccen maciji. Suka zagaye Tudu ba su sami irinsa ba, ƙarshe Ganiyu ya haɗa bel biyu na keken ɗinki ya ɗaura. Ganga ta juya, amma iska sanyi ƙalau. Ya sake buɗewa, ya tarar murɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi ta katse, ya sa ta rishon lantarki a madadinta. Duk kwanakin nan Sanatu tana tsugune a gefensa, kanta kusan cikin injin, tana tambaya har ya gaji ya fara koya mata. Ba ta karatun boko, don haka ta ɗora darasin a yatsunta: a fara zare fulogi, sannan a duba ko da wuta a soket, a duba fis, a duba makunnin da ke jikin ƙofa, a duba bel, a duba wayar zafi. Ya kuma nuna mata wani ɗan jan maɓalli a baya, ya ce yana fitowa ne in injin ya yi zafi fiye da kima, ya yanke zafin don kada gobara ta tashi.

Ranar da aka fara gwada shi sosai, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, rediyon mai gidan hayar, Alhaji Ɗanbala, ya yi shiru ana tsakiyar labarai. Alhaji ya fito da faɗa, ya ce ko injin ko Sanatu, ɗaya zai bar gidan. Aka ba shi haƙuri, Ganiyu ya jawo wa injin layinsa daban da waya mai kauri, ya fitar da tiyon iskar ta tagar ɗaki zuwa lungu. Sanatu kuma ta busar wa Alhaji farar rigarsa ta Juma'a wata rana da hadari ya rufe gari, ta kai masa ita da ɗuminta. Bai sake maganar tashi ba.

A 1992 Babbar Sallah ta faɗo cikin watan Yuni, tsakiyar damina. Aka yi kwana shida ruwa bai ɗauke ba, kwatoci suka cika, kayan da aka shanya suka fara warin ruma. Rabin unguwa ya kwaso kayan Sallah ya kawo wa Sanatu. Ɗakinta ya cika da manyan riguna da zannuwa da mayafai har Imurana ya rasa wurin shimfiɗa darduma. Ana saura kwana uku Sallah, da hantsi, ta buɗe injin ta tarar kayan a jiƙe kamar yadda ta zuba su. Masta Ganiyu kuwa yana Makka, a shekarar ya tafi aikin Hajji.

Ta zauna a bakin gado ta kalli tsibin kayan mutane, ta tuna fuskar kowa da ya kawo. Sannan ta tashi ta ɗaura ɗankwali, ta zare fulogi, ta ɗauko sukudireba. Ta bi yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Wuta na nan, fis lafiya, makunnin ƙofa yana ƙara in an danna, bel bai tsinke ba, wayar zafi ba ta katse ba. Sai ta ga jan maɓallin nan ya fito. Ta danna shi, ta kunna, zafi ya dawo. Imurana ya ce, "Shi ke nan, kin gama." Ba a yi minti goma ba maɓallin ya sake fitowa.

"Ɗaure shi da waya mana, ya daina fitowa," in ji Imurana.

"Don mu yi Sallah a toka? Ba shi ne ciwon ba, faɗa mini yake injin ya ji zafi. Me ya sa yake jin zafi, shi zan nema."

Ta ciro ragar da ke tare burbushin zare, ta ga tsaf take, don kullum tana share ta. Ta kasa kunne ga injin. Ƙarar ba ta yi mata daidai ba, kamar mai mura yana numfashi. Ta ce wa mijinta ya ɗauko laima, suka zagaya lungu cikin ruwa. Ta kara tafin hannu a bakin tiyo, ba iska ko kaɗan. Ta zura yatsu, ta jawo wani tsumma da aka cusa da ƙarfi, burbushin zare ya biyo bayansa dunƙule-dunƙule. Ta warware tsumman, ta gane shi nan take. Guntun tsohon zanin Adisa ne, mai sayar da wake da shinkafa a bakin lungun, zanin da ita da hannunta ta wanke ya fi sau ashirin.

Adisa tana ƙarƙashin rumfarta tana zuba wa wani abinci. Da ta hango tsumman a hannun Sanatu sai ta sunkuyar da kai.

"'Yar'uwa, wannan naki ne?"

"Nawa ne, Mma. Kwana biyun nan injinki ba ya hutawa, audugarsa duk cikin tukunyata take sauka. Jiya wani ya ce mini shinkafata ta fara tsirar da gashi. Na ji kunyar faɗa miki, sai na toshe."

Sanatu ta zo ne da niyyar faɗa, amma maganar gashin shinkafa ta kwance mata fushi, ta yi dariya har laima ta karkace a hannun Imurana. Ta ce, "Laifina ne, ban taɓa tsayawa na ga inda iskar take zuwa ba. Amma da kin faɗa mini, don abin da kika yi yana iya ƙone mu duka." Adisa ta riƙe baki, ba ta san haka abin yake ba.

Kafin azahar Sanatu ta kawo Hudu maƙerin gwangwani, ya haɗa manyan gwangwanayen tumatir ya yi bututu, ya karkata shi ya bi bango ya zubar da iska can bayan gida inda ba kowa. Injin ya koma numfashi yadda ya saba. Adisa ta rufe tukunya da wuri ta zo tana taya ninki, Imurana ya ajiye neman fasinja ya cika tasi da gogaggun kaya yana rabawa gida-gida. Ranar Idi sahu guda a filin salla duk kayan da suka bi ta hannunta ne.

Da Ganiyu ya dawo, yanzu Alhaji Ganiyu, ya ji labari, ya zo ya duba bututun gwangwani ya ce da shi ne ma haka zai yi. Daga nan duk kukun da ya zo shagonsa yana cewa dirayar gidan ubangidansa ta lalace, sai ya ce masa, "Ka tafi Maamobi ka tambayi Mma Sanatu." Haka ta koma gidajen da ta yi wa wanki shekaru, da sukudireba da filaya a cikin jakar hannu. Ta yi wannan aiki har ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da idonta ya daina ganin ƙananan kusoshi.

Akwai ranar da wani sabon maigadi ya tsare ta a ƙofar wani gida da aka kira ta gyara, ya leƙa bayanta ya ce, "Mma, ina mai gyaran?"

"Buɗe ƙofa, ɗana," in ji ta. "Ka nuna mini inda soket yake."